Tsadar Jan Ƙarfe da Zaren Ƙwan Edison: Lissafin da Ya Haifi Tashar Titin Pearl

A watan Satumba na 1878 Thomas Edison, yana ɗan shekara 31, ya kai ziyara masana'antar William Wallace da ke garin Ansonia a jihar Connecticut ta Amurka. A can aka tayar masa da dainamo, wato injin samar da wutar lantarki, ya ga yana kunna irin fitilun nan masu tartsatsi, waɗanda wuta ke tsallakawa tsakanin sandunan gawayi biyu ta ba da haske mai kashe ido. Bai yi mako biyu da komawa gida ba ya shaida wa 'yan jarida cewa ya gano yadda za a shigar da hasken lantarki ɗaki-ɗaki. A watan Oktoba attajiran New York suka zuba kuɗi aka kafa kamfanin Edison Electric Light. Sai dai baki ya riga hannu. An ƙara shekara guda cur kafin a samu ƙwan da zai ci awanni bai mutu ba, an kuma yi shekara huɗu kafin tasharsa ta titin Pearl a New York ta fara ba mutane wuta.

Yadda aka saba ba da labarin shi ne wai mutum ne mai naci, ya yi ta gwada abubuwa dubbai har ya dace da wanda ya ci. Gwajin an yi shi, babu mai musu. Abin da ke damuna da wannan labari shi ne yana sa ɗalibi ya ɗauka dace ne kawai. Alhali tun kafin a samu zaren da ke haske cikin ƙwan, mutanen ɗakin binciken Edison da ke Menlo Park sun san irin zaren da suke nema, har ma da adadin turjiyar da ya kamata ya kasance da ita, wato yadda zai riƙa hana wuta wucewa. Alƙalami da takarda ne suka gaya musu, kuma abin da ya tilasta musu zama su yi lissafin shi ne kuɗin jan ƙarfen da za a binne a ƙarƙashin titi. Lissafin bai fi ƙarfin ɗan sakandare ba, shi ya sa nake so mu bi shi tare, lamba bayan lamba.

Abin da aka tarar

Fitila mai tartsatsi ta riga ta sami kasuwa. A 1878 an haskaka titin Opéra na birnin Paris da irin wadda Pavel Yablochkov ɗan Rasha ya ƙera, a Amurka kuma Charles Brush yana sayar da tasa. Ta dace da fili da tashar jirgin ƙasa, amma ba ta zama a ɗaki. Haskenta ya yi yawa, tana huci, sandunanta suna cinyewa sai an riƙa canza su. Haɗa su kuma a sarƙe ake yi, wuta ta fita daga wannan ta shiga waccan, a layi ɗaya har ta koma wajen inji.

Gidajen masu hali a New York da Landan kuwa iskar gas suke kunnawa. Bakin fitilar gas ɗaya yana ba da haske kamar na kyandir 16, kuma kowace fitila da makunninta: maigida ya kashe ta falo, uwargida ta bar ta ɗakin girki tana ci. Wannan ita ce kasuwar da Edison yake so ya ƙwace, don haka dole ƙwansa ya ba da hasken kyandir 16, dole kuma a iya kashe ɗaya ba tare da sauran sun san an yi ba. Haɗin sarƙa ba zai ba da haka ba. Sai haɗin rassa: manyan wayoyi biyu su bi titi, kowane ƙwai ya yi gada tsakaninsu shi kaɗai.

Manyan masana na Ingila suka ce ba zai yiwu ba. William Preece, masanin lantarki na hukumar gidan waya ta ƙasar, ya fito fili ya nuna cewa rarraba hasken lantarki ƙanana-ƙanana mafarki ne. Ina ganin an cika yi wa mutanen nan dariya ba bisa haƙƙi ba. Da irin ƙwayayen da ake da su a lokacin suka yi lissafinsu, kuma da waɗannan ƙwayayen abin da gaske ba zai yiwu ba.

Kayan lissafin

Abu huɗu ne ake aunawa. Akwai ƙarfin turin wuta, ana auna shi da bolt, alamarsa V. Akwai yawan wutar da ke kwarara cikin waya, ana auna shi da amfiya, alamarsa I. Akwai turjiya, wato yadda abu ke hana wuta wucewa ta cikinsa, ana auna ta da om, alamarta R. Sai ƙarfin aiki, wato yawan makamashin da ake ci a kowace daƙiƙa, ana auna shi da wat, alamarsa P.

A 1827 Georg Simon Ohm, malamin makaranta Bajamushe, ya nuna cewa idan ka raba bolt da amfiya za ka samu turjiya:

R = V ÷ I

Ƙarfin aiki kuma bolt ne sau amfiya:

P = V × I

Idan ka cire V ka sa I × R a gurbinsa, sai ka samu abin da James Prescott Joule ya tabbatar da gwaji a Ingila a farkon shekarun 1840, cewa zafin da waya ke fitarwa yana bin amfiya ne an ninka ta da kanta:

P = I × I × R

Wannan layi na uku shi ne zuciyar lamarin. A cikin ƙwai, zafin da yake lissafawa shi ne riba, don shi ke zama haske. A cikin wayar da ke titi kuwa asara ce tsantsa, kwal ne aka ƙona don ɗumama ƙasa. Amfiya ta ninka biyu, asara ta ninka huɗu. Ta ninka goma, asara ta ninka ɗari.

A tuna cewa a 1878 ko sunayen ma'aunan nan ba su gama zama ba. Sai a taron masana lantarki na duniya da aka yi a Paris a 1881 aka amince da bolt da om da amfiya, wat kuwa William Siemens ne ya kawo shawararsa a 1882. Mutanen Menlo Park da ƙarfin doki suke lissafin aiki, wanda ɗaya daidai yake da wat 746. Edison da kansa ya hango cewa turjiya mai yawa yake bukata, amma wanda ya zauna ya tsefe alƙaluman shi ne Francis Upton, saurayin da ya karanta lissafi da kimiyya a Princeton, ya ƙara karatu a Berlin wajen Hermann von Helmholtz, ya kama aiki a Menlo Park a ƙarshen 1878. Ba a cika ambatonsa ba, kuma ya cancanci a ambace shi.

Ƙwai biyu, haske ɗaya

Takardar mallakar fasaha da gwamnatin Amurka ta ba Edison ranar 27 ga Janairu, 1880, mai lamba 223,898, ta faɗi matsalar da lambobi. Ta ce waɗanda suka gabata sandunan gawayi suke amfani da su masu turjiyar om 1 zuwa 4, kuma ba za a iya haɗa irinsu da yawa a haɗin rassa ba sai da wayoyi masu kaurin fitar hankali. Zaren audugar da aka gasa ya zama gawayi kuwa, in ji takardar, yana ba da om 100 zuwa 500.

Bari mu gwada maganar da alƙaluman tashar da aka gina daga baya. Kowane babban dainamo na tashar titin Pearl, wanda ake wa laƙabi da Jumbo, yana ba da kusan kilowat 100 a kan bolt 110, kuma an tsara shi ya ɗauki ƙwai kamar 1,200. Raba wat 100,000 da 1,200, kowane ƙwai ya tashi da wat 83. Raba wat 83 da bolt 110, ka samu amfiya 0.76. Raba bolt 110 da amfiya 0.76, ka samu om 145. Daga lambobi uku da ke rubuce a tarihi mun fitar da turjiyar ƙwan Edison, kuma ta faɗa cikin iyakar da takardarsa ta ambata. Mai son tabbatarwa ya ninka 0.76 da 0.76 da 145, zai dawo kan wat 83 da 'yar ɗoriya.

Ƙwai 1,200 a haɗin rassa, kowane yana jan 0.76, jimilla amfiya 910 ke nan ke fita daga injin.

Yanzu mu ɗauki ƙwan mutanen da suka gabata, mai om 2, mu ce shi ma wat 83 zai ci don ya ba da haske iri ɗaya. Raba 83 da 2, ka samu 41.5. Lambar da za a ninka da kanta ta ba da 41.5 ita ce 6.4, to amfiya 6.4 zai ja. Ninka 6.4 da om 2, bolt 13 kacal yake bukata. A ido abin ya yi kyau, bolt 13 ko yaro ya taɓa ba abin da zai same shi. Amma ƙwai 1,200 sau 6.4 ya kusa amfiya 7,700. Ya ninka na Edison sau takwas da rabi. Ninka takwas da rabi da kansa, ka samu 72. Ma'ana idan waya ɗaya aka shimfiɗa wa duka biyun, asarar mai om 2 za ta ninka ta mai om 145 sau 72. In kuwa ana so asarar ta zo daidai, sai an ƙara jan ƙarfe sau 72.

Sau 72 lamba ce a takarda, mu mayar da ita abin da ake ɗorawa a sikeli. Wayar jan ƙarfe mai tsawon mita ɗaya, wadda faɗin bakinta murabba'in milimita ɗaya ne, turjiyarta kusan om 0.017 ce. A ce gidajen suna nisan mita 500 daga tasha. Zuwa da dawowa mita 1,000 ke nan, irin wannan siririyar waya za ta ba da om 17. A ce kuma mun yarda kashi 10 cikin 100 na wutar ya salwanta a hanya. Wannan misali ne na tsara don sauƙin gani, shimfiɗar wayoyin titin Pearl ta fi haka sarƙaƙiya, amma awon ba ya canzawa.

Ga ƙwan Edison, kashi 10 na bolt 110 shi ne bolt 11. Raba 11 da amfiya 910, turjiyar wayar kada ta wuce om 0.012. Raba 17 da 0.012, ana bukatar baki mai murabba'in milimita kusan 1,400, wato sanda mai kaurin santimita huɗu da ɗan abu. Nauyinta duka, zuwa da dawowa, tan 12 da rabi. Da tsada, amma attajiri zai iya sa hannu.

Ga ƙwai mai om 2, kashi 10 na bolt 13 shi ne bolt 1.3. Raba shi da amfiya 7,700, turjiyar kada ta wuce om 0.00017. Bakin wayar zai kai murabba'in milimita 100,000, kaurinta santimita 36, kamar a jera turame baki da gindi tun daga tasha har ƙofar gida, a sake jera wasu su dawo, duka na jan ƙarfe zalla. Nauyin ya kusa tan 900. Na inji ɗaya ke nan, tashar kuwa inji shida aka girka mata. Babu kamfanin da zai yi wannan ya sayar da haske a farashin gas. Abin da Preece ya gani ke nan.

Wani zai ce a haɗa masu om 2 ɗin a sarƙe mana, amfiya ta tsaya a 6.4 komai yawansu. Za ta tsaya, amma bolt ne zai riƙa taruwa: ƙwai 100 sau bolt 13, bolt 1,300 ke nan a cikin ɗakin kwana, kuma ɗaya ya ƙone sauran su mutu tare.

Duk wanda ya taɓa haɗa sola a Kano ko Damagaram ya san wannan ciwon da hannunsa, don batirin bolt 12 ɗan'uwan ƙwan nan ne mai bolt 13. Inbata mai wat 1,000 a kan bolt 12 tana jan amfiya 83 ko fiye. A kan bolt 48 amfiya 21 take ja. Idan wayar da ke tsakanin batir da inbata tana da om 0.01, a na farko wat 69 ne ke zama zafi a cikinta, a na biyu ko wat 5 bai kai ba. Shi ya sa ƙwararren mai haɗi ke nacewa kan waya mai kauri gajeriya, kuma in kaya sun yi yawa ya ba da shawarar a hau 24 ko 48.

Neman zaren

Da lissafi ya ce om 100 zuwa sama, sai tambayar ta koma: me zai ba da wannan turjiya ya kuma jure zafi? Turjiyar abu tana ƙaruwa da tsawonsa, tana raguwa da kaurinsa. Akwai sharaɗi na biyu da ke ɗaure hannu. Wat 83 ba wani zafi ne mai yawa ba, idan aka baza shi a kan doguwar sanda mai faɗin jiki ɗumi kawai za ta yi, ba za ta yi fari ta haskaka ba. Dole jikin abin ya zama ƙarami ƙwarai. Turjiya babba da jiki ƙarami kuwa abu ɗaya suke nufi: zare siriri kamar gashi.

Watanni da yawa suka tafi a kan filatinam. Ƙarfe ne mai tsada, yana narkewa a digiri 1,768 na ma'aunin Selshiyas, kusa da inda yake fara haske mai kyau, kuma da yake ƙarfe ne turjiyarsa kaɗan ce, sai an naɗe doguwar waya kafin a samu abin kirki. Gawayi ya fi shi turjiya nesa ba kusa ba, ya kuma fi shi jure zafi, amma da ya sha iska yana cikin zafi sai ya ƙone. Abin da ya buɗe hanya shi ne famfon zuƙe iska mai aiki da zaiba, irin wanda Hermann Sprengel ya ƙirƙira a 1865, wanda mai hura gilashinsu Ludwig Boehm ya yi ta haɗa musu ingantattu. A ranar 22 ga Oktoba, 1879, wani zaren auduga da Charles Batchelor, mataimakin Edison, ya gasa, aka rufe cikin gilashin da aka zuƙe wa iska, ya ci fiye da awa 13. A daren ƙarshe na shekarar aka buɗe Menlo Park jama'a suka zo kallo. A 1880 suka koma zaren gora, suka riƙa sayo ta daga Japan, ƙwan ya kai ga yin sama da awa 1,000.

Akwai wani abu a nan da ke rikita ɗalibai har yau. Om 145 da muka fitar turjiyar zaren ce yana cikin ci. In aka auna shi a sanyi wata lamba za a gani, don gawayi turjiyarsa raguwa take yi idan ya yi zafi, har ta kusa komawa rabi. Ƙwai mai zaren ƙarfen tangistin da ya gaje shi akasin haka yake. Mai wat 100 a kan bolt 230 yana jan amfiya 0.43, turjiyarsa yana ci om 529 ce, amma ka cire shi ka ɗora masa mita a sanyi ba za ka ga ko om 50 ba. Shi ya sa tsofaffin ƙwayayen nan suka fi ƙonewa daidai lokacin da aka danna makunni, wuta mai yawa ce ke afkawa kafin zaren ya yi zafi. Hanyar sanin turjiyar aiki ita ce a auna bolt da amfiya abin yana ci, sannan a raba.

Adalci ne a faɗi cewa Edison ba shi kaɗai ba ne a fagen. Joseph Swan ya nuna ƙwan gawayi a Newcastle a farkon 1879, kuma da ƙwayayensa aka haskaka gidan wasan Savoy na Landan a 1881. Na farkonsa dai sanda ce mai kauri mai ƙaramar turjiya, sai daga baya ya koma siririn zare. A 1883 suka haɗa kamfani ɗaya a Ingila. A ganina Swan ƙwai ya sa a gaba, Edison kuwa unguwa guda ya sa a gaba, ƙwan ya zo a matsayin amsar lissafin unguwar.

Turjiyar cikin inji

Lissafin bai tsaya kan ƙwai ba. Shi kansa dainamo naɗin waya ne, yana da tasa turjiyar. Masu ƙera injuna na lokacin sun riƙe wata ƙa'ida da ta samo asali daga aikin Moritz von Jacobi, cewa inji yana fitar da mafi yawan ƙarfinsa idan turjiyar cikinsa ta yi daidai da ta kayan da aka ɗora masa. Ƙa'idar gaskiya ce, amma dubi abin da take jawowa. Amfiya ɗaya ce ke ratsa inji da kaya. In turjiyarsu ɗaya, I × I × R ɗinsu ma ɗaya ne, rabin makamashin ya ƙone a cikin injin ke nan. Mai sayar da wuta kuwa da kuɗinsa yake sayen kwal. Edison da Upton suka sa aka ƙera inji mai turjiyar ciki ƙarama sosai. In ta cikin kashi ɗaya ce, ta kaya kashi goma, to goma cikin sha ɗaya na aikin yana isa ga ƙwayaye, wato kusan kashi 91 cikin 100 ta wannan fuskar. Ƙarin amfaninsa, bolt ba ya faɗuwa sosai idan aka kunna ƙarin ƙwayaye, abin da haɗin rassa ba ya rayuwa sai da shi.

Titin Pearl

Kafin a tona rami ko ɗaya, Edison ya tura mutane gida-gida a yankin kudancin Manhattan suna ƙirga bakunan fitilun gas da awannin da ake kunna su, don a san amfiya nawa kowane titi zai ja. Aka sayi gine-gine masu lamba 255 da 257 a titin Pearl. John Kruesi ya jagoranci shimfiɗa wayoyin: sandunan jan ƙarfe biyu masu siffar rabin wata, a zura su cikin bututun ƙarfe, a cika da haɗin kwalta don kada su taɓa juna. Da ƙarfe uku na yammacin 4 ga Satumba, 1882, aka saki wuta, Edison yana ofishin bankin Drexel da Morgan a titin Wall. Ƙwayaye kamar 400 ne a farkon, har da na gidan jaridar New York Times. Zuwa 1884 sun haura 10,000.

Babban abin tsoro a irin wannan shimfiɗa shi ne faɗuwar bolt a hanya. Amfiya sau turjiyar waya, wannan shi ne bolt ɗin da ke zubewa kafin wuta ta isa. Ƙwai mai om 145 a kan bolt 110 yana cin wat 83. Idan bolt 100 ne ya iso gare shi, amfiyar ta koma 0.69, wat ɗin ya koma 69. Bolt ya ragu da kashi 9 cikin 100, aiki ya ragu da kashi 17, haske kuwa ya fi haka raguwa don zaren bai kai zafinsa ba. Gidan da ke gindin tasha zai yi fari tas, na ƙarshen layi ya yi ja, kuma kuɗi ɗaya za a ce su biya. Maganin da Edison ya fito da shi shi ne raba wayoyin gida biyu. Akwai fida, wadda ke tasowa daga tasha kai tsaye zuwa wata mahaɗa a cikin unguwa, ba a jona mata gida ko ɗaya a hanya. Daga mahaɗar sai gajerun wayoyi su raba wa gidaje. Babbar faɗuwar a kan fida take aukuwa, inda ba ta bambanta wani gida da wani, sai a ɗaga bolt a tasha a cike giɓin. Da haka aka iya amfani da wayoyin da ba su kai kaurin farko ba.

Ko mitar da ake cajin kuɗi da ita a kan wannan lissafi take. Kwalba ce mai ruwan sinadarin tutiya da faranti biyu na tutiya a ciki. Wani ɗan kaso sananne na wutar gidan yana bi ta cikinta, yana ɗebe tutiya daga wannan faranti yana liƙa wa wancan. Ƙarshen wata ma'aikaci ya zo ya ɗauke farantin, a kai ofis a auna nauyinsa. Canjin nauyin yana nuna amfiya nawa ta wuce cikin awa nawa. Tunda bolt a tsaye yake a 110, ninkawa ɗaya ta rage a san makamashin da aka sha.

To me ya hana a hau bolt 220 tun farko, tunda ninka bolt biyu yana mayar da amfiya rabi, asara ta koma kashi ɗaya cikin huɗu? Zaren ne ya hana. Ƙwai mai wat 83 a kan bolt 220 zai ja amfiya 0.38, turjiyarsa sai ta kai om 580, kuma zaren gawayin da zai ba da haka ya yi sirantar da ba zai yi ƙarko ba a fasahar lokacin. Aka zagaye matsalar da tsarin waya uku, wanda John Hopkinson ya yi wa rajista a Ingila a 1882, Edison ma ya fito da nasa. Inji biyu masu bolt 110 ake haɗawa a sarƙe, tsakanin wayoyin gefe biyu a samu 220, a fitar da ta uku daga tsakiya. Rabin ƙwayayen suna tsakanin ta dama da ta tsakiya, rabi tsakanin ta hagu da ta tsakiya, kowane yana ganin 110 ɗinsa. Wayoyin gefen kowace kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin farko take bukata. Da waya biyu ne masu cikakken kauri, yanzu uku ne masu rubu'i, uku cikin takwas ke nan, an tsira da kashi 62.5 cikin 100 na jan ƙarfe. A garin Sunbury na jihar Pennsylvania aka fara aiki da shi a watan Yuli na 1883.

Inda lissafin ya juya wa mai shi baya

Duk da fida da waya uku, tashar Edison ba ta iya kai wuta fiye da mil ɗaya ko makamancin haka cikin riba. Nisa ya ninka biyu, turjiyar waya ta ninka biyu, sai an ninka kaurinta biyu a rama, jan ƙarfe ya ninka huɗu ke nan. Babban gari sai an cika shi da tashoshi, ƙauye kuwa ba maganarsa.

Amsar tana cikin layin lissafin nan na uku, P = I × I × R, da shi kansa ya dogara da shi. Kilowat 100 a kan bolt 110 amfiya 910 ce. A kan bolt 11,000 amfiya 9 ce da ɗan abu, asarar waya ta ragu sau 10,000. Abin da ake bukata shi ne hanyar ɗaga bolt don tafiya, a sauke shi a ƙofar gida. Taransifoma ke yin wannan, ita kuma ba ta aiki da wuta mai tafiya hanya ɗaya irin ta Edison, sai mai kai-da-komo. A watan Maris na 1886 William Stanley, yana aiki da George Westinghouse, ya haskaka shaguna a garin Great Barrington da wannan tsari. A 1891 aka tura wuta daga Lauffen zuwa Frankfurt a Jamus, tafiyar kilomita 175 a kan bolt 15,000, kusan kashi uku cikin huɗu ya isa. Edison ya yaƙi sabon tsarin iya ƙarfinsa, yana kafa hujja da haɗarin bolt mai yawa. Haɗarin gaskiya ne, mutane sun mutu a titunan New York saboda wayoyin sama da aka yi wa sakaci. Amma ina ganin mutumin da ya gina komai nasa a kan rage amfiya ya fi kowa sanin inda lissafin ya dosa. A 1892 aka haɗe kamfaninsa da Thomson-Houston aka samu General Electric, sunansa bai fito a ciki ba, kamfanin kuma ya rungumi wuta mai kai-da-komo.

Ita tashar titin Pearl gobara ta cinye ta ranar 2 ga Janairu, 1890, Jumbo ɗaya ne ya tsira, yana nan a gidan tarihi na Henry Ford a jihar Michigan. An gyara ta ta ɗan ci gaba da aiki kafin a rufe ta a tsakiyar shekarun 1890. Wuta mai tafiya hanya ɗaya kuwa ta daɗe ba ta bar birnin ba, saboda tsofaffin na'urorin hawa bene da famfunan da aka ƙera dominta. Sai a watan Nuwamba na 2007 kamfanin Con Edison ya yanke layinta na ƙarshe a Manhattan.